Daren Rufe Labule: Me Ya Sa Masoya Ke Kuka Idan Wasan Daɓe Ya Zo Ƙarshe?

Duk lokacin da wani shahararren wasan daɓe mai waƙe-waƙe ya kai darensa na ƙarshe a Niyok ko Landan, hotuna iri ɗaya ne ke cika shafukan sada zumunta. Zaure ya cika maƙil, 'yan kallo sun miƙe tsaye suna tafi sun ƙi zama, dattijai masu furfura suna share hawaye, a waje kuma titi ya toshe da waɗanda ba su sami tikiti ba. Wanda ke kallo daga nesa sai ya yi tambaya biyu. Idan wasan yana da masoya haka, me ya sa za a rufe shi? Kuma mene ne abin kuka a kan wasan da waƙoƙinsa ke cikin wayar kowa?

Tambayoyin suna da hujja, kuma amsar ta farko ce ke buɗe hanyar ta biyu. Mutane da yawa sun ɗauka rufe wasa shaida ce ta cewa ya gaza, ko kuwa masu shi sun ci amanar masoyansa. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki.

Wane irin wasa ake magana a kai?

Wasan kwaikwayo ne da ake yi kai tsaye a kan dandamali a gaban 'yan kallo, inda waƙa da rawa da kiɗa ke ɗauke da labarin. 'Yan wasa na rera waƙa da bakinsu a daren, makaɗa kuma na zaune a wani rami a gaban dandamali suna kiɗa. Cibiyoyinsa biyu mafi girma su ne Broadway a birnin Niyok na Amurka, da West End a Landan. Broadway suna ne na gidajen wasa 41 da ke tsakiyar Manhattan, kowanne yana da kujeru 500 ko fiye.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wasa ɗaya ne ke kama gida ɗaya, ana maimaita shi sau takwas a mako. Wasu tun farko ake yanka musu wa'adi, a ce makonni kaza za su yi, musamman idan an ɗauko wani tauraron fim da ba shi da dogon lokaci. Rufe irin waɗannan ba ya ba kowa mamaki. Wasu kuwa ba su da ranar gamawa, suna nan muddin ana sayen tikiti, ko da shekara talatin ne. A kan waɗannan ne hawaye ya fi zuba.

Lissafin mako-mako

Fim sau ɗaya ake kashe masa kuɗi. Da an gama ɗauka, ko sau dubu aka haska shi babu wanda zai sake biyan jarumai kuɗin fitowa a kowane dare. Wasan daɓe kullum sabo ake yin sa, don haka kullum sai an biya. Kuɗinsa kashi biyu ne. Akwai uwar kuɗin da masu zuba jari ke tarawa kafin a buɗe, wadda ake gina dandamali da ɗinka kaya da yin atisaye da ita. A yau babban wasa a Broadway kan ci dala miliyan 20 ko fiye kafin a sayar da tikiti ɗaya. Sai kuma kuɗin tafiyar da wasan a kowane mako: albashin 'yan wasa da makaɗa da masu fitilu da masu sauti da masu kula da tufafi, kuɗin haya, talla, da kason marubuta. Idan cinikin mako ya haura wannan kuɗi, rarar ce ake mayar wa masu jari har kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mafi yawan wasannin Broadway ba sa kaiwa nan, ana rufe su tun uwar kuɗin ba ta dawo ba.

Ga inda masoya ke yawan kuskuren lissafi. Gida mai kujeru 1,600 da ke wasa sau takwas yana da kujeru kusan 13,000 da zai sayar a kowane mako, shekara ta zagayo ta sake zagayowa. A ce wasa yana da masoya na gani-kashe-ni mutum dubu biyar, kowanne yana zuwa sau huɗu a shekara, abin da suka saya gaba ɗaya bai cika mako biyu ba. Wanda ke riƙe da tsohon wasa shi ne baƙon da ya shigo gari yawon buɗe ido, ya kalla sau ɗaya a rayuwarsa ya koma ƙasarsu. Masoya su ke da murya, amma baƙi su ke cika kujeru. Shi ya sa watan Janairu, bayan baƙin hutun ƙarshen shekara sun watse, ya zama watan rufe wasanni, haka ma makonnin da ke bayan bikin ba da lambar yabo ta Tony a watan Yuni, lokacin da waɗanda ba su ci komai ba ke ganin ciniki ya ja baya.

Akwai kuma mai gida. Yawancin gidajen Broadway na hannun kamfanoni ƙalilan ne, irin su Shubert da Nederlander, kuma suna da kaso a cinikin tikiti. A yarjejeniyar haya akan saka sharaɗin cewa idan ciniki ya faɗi ƙasa da wani adadi mako biyu a jere, mai gida yana da ikon ba da notis. Tunda gidajen 41 ne kacal kuma sababbin wasanni na layi suna jira, wasa na iya rasa muhallinsa ko da bai fara asara ba.

Daren 16 ga Afrilu, 2023

Babu misalin da ya fi na The Phantom of the Opera, wasan da Andrew Lloyd Webber ya tsara wa kiɗa, Cameron Mackintosh ya shirya, Hal Prince ya ba da umarni. An buɗe shi a gidan wasa na Majestic ranar 26 ga Janairu, 1988, ya yi shekara 35, an yi shi sau 13,981, kuma babu wasan da ya taɓa daɗewa haka a tarihin Broadway. Mutum kusan miliyan 20 suka kalle shi a wannan gida ɗaya, ciniki ya haura dala biliyan 1.3. Ba a kiran wannan gazawa.

Annobar korona ce ta karya masa ƙafa. An rufe Broadway baki ɗaya ranar 12 ga Maris, 2020, aka yi kusan shekara ɗaya da rabi fitilu a kashe. Da wasan ya dawo a watan Oktoba na 2021, baƙi daga ƙasashen waje, waɗanda su ne ginshiƙinsa, ba su dawo yadda suke a da ba, kuɗin tafiyar da shi kuma ya kusa dala miliyan ɗaya a mako. Wasa ne mai nauyin gaske: makaɗa 27, tufafi masu ɗimbin yawa, kyandirori da ke fitowa daga ƙarƙashin dandamali, ga katafariyar fitilar nan mai nauyin kusan tan ɗaya da ke rataye a saman 'yan kallo, wadda ake sako ta a kowane dare.

A watan Satumba na 2022 aka sanar za a rufe ranar 18 ga Fabrairu. Nan take mutane suka yi dafifi a kan tikiti, har aka ɗage ranar zuwa 16 ga Afrilu, kuma a makonnin ƙarshe ciniki ya riƙa haura dala miliyan 3 a mako. Masoya suka ce to ga shaida, a fasa rufewar mana. Amma wannan cinikin ban kwana ne. Duk wanda ya yi shekaru yana cewa wata rana zan je, sanarwar ce ta tashe shi. Da an janye ta, da ya koma ya zauna.

Daren ƙarshe yawancin kujerun na waɗanda aka gayyata ne: tsofaffin 'yan wasan, ma'aikata da iyalansu. Masoya da yawa a titi na 44 suka tsaya, wasu sanye da baƙar alkyabba da farin abin rufe rabin fuska irin na jarumin labarin. A ciki, wanda ya saba fitowa a babban matsayin, Ben Crawford, ba shi da lafiya, sai Laird Mackintosh ya tsaya a madadinsa. Emilie Kouatchou, baƙar fata ta farko da ta taɓa riƙe matsayin jarumar a Broadway, ita ta rufe shi. Bayan an gama aka fito da ma'aikatan bayan fage, mutanen da 'yan kallo ba su taɓa ganin fuskarsu ba, aka yi musu tafi. Sarah Brightman, wadda ta fara riƙe matsayin jarumar, ta hau dandamali. Lloyd Webber ya sadaukar da daren ga ɗansa Nicholas, wanda ya rasu makonni uku kafin nan. Har fitilar ma an sauko da ita don ta karɓi nata tafin, zauren kuwa ya ba ta.

Abin da ake yi wa kuka

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma a nan maganar ta zauna daram. Sai dai akwai wani abu bayan sabo. Waƙoƙin ba su mutu ba, rubutun labarin yana nan, za a iya sake yin wasan a wani gari. Abin da ya tafi shi ne wannan shirin na musamman: wannan dandamalin, waɗannan fitilun, yadda marigayi daraktan ya tsara inda kowa zai tsaya, da yadda sautin makaɗa 27 ke dukan ƙirjin mutum a cikin wannan ginin. Irin wannan abu ba ya wanzuwa sai lokacin da ake yin sa. Kwanaki kaɗan bayan daren ƙarshe ma'aikata za su zo su kwance dandamalin, wani abu a kai ma'ajiya, wani a farfasa.

Mai ƙaunar wasa na gaske ba labarin yake zuwa gani ba, ya haddace shi tun tuni. Yana zuwa ne ya ga yadda za a yi shi yau. Ya san inda jarumar ke jan numfashi kafin ta ɗaga murya, ya san cewa mai jiran gadon da ke fitowa idan babban jarumi ya huta yana rera wani baitin a hankali fiye da shi, yana da kujerar da ya fi so, yana ajiye ɗan littafin shirin da ake rabawa a ƙofa na kowane zuwa da kwanan wata a jiki. Idan an tashi sai ya zaga ƙofar baya, inda 'yan wasa ke fitowa da kayan gida, ya tsaya cikin sanyi a sa masa hannu. A wannan layin ne mutane ke haɗuwa, su zama abokai na shekaru. Ranar da aka rufe, wurin haɗuwar ma ya tafi.

Wasan Rent ya nuna haka tun kafin zamanin shafukan sada zumunta. Marubucinsa, Jonathan Larson, ya rasu ranar 25 ga Janairu, 1996, a ranar da za a fara nuna wasan ga jama'a, bai ga nasararsa ba. Da wasan ya tashi daga ƙaramin gidan da ya fara ya koma Broadway, aka ware layi biyu na gaba ana sayar da su dala 20, don matasa marasa ƙarfi su samu shiga. Matasan suka riƙa kwana a bakin titi suna jiran tikiti, wasu suka kalle shi sau da yawa har lissafi ya ɓace musu, suka cika bangon gidan wasa na Nederlander da rubuce-rubuce. Da aka rufe ranar 7 ga Satumba, 2008, bayan wasa 5,123, yawancin waɗancan matasan sun zama manya masu iyali. Ƙuruciyarsu suka je yi wa ban kwana.

Shi ya sa daren ƙarshe ba ya kama da sauran darare. Ana yi wa kowane ɗan wasa tafi da zarar ya leƙo, tun bai buɗe baki ba. Waƙa kan tsaya a tsakiyar wasa domin zauren ya miƙe. Duk wata magana a cikin labarin da ta shafi rabuwa sai ta sami ma'ana ta biyu, murya ta karye wa mai faɗar ta, kuma kowa ya san ba kwaikwayo yake ba. A Landan, ranar 11 ga Mayu, 2002, da wasan Cats ya cika shekara 21 kuma ya zo ƙarshe a rana guda, sai da aka kafa babban allo a Covent Garden don waɗanda ba su sami shiga ba su kalla daga waje.

A ganina, mai yi wa waɗannan mutane dariya bai yi musu adalci ba. Wanda mahaifiyarsa ta kai shi wasa yana ɗan shekara goma, shi ma ya kai 'yarsa wannan ginin bayan mahaifiyar ta rasu, yana da abin da zai yi wa kuka.

Inda baƙin ciki ke komawa fushi

Ba kowane daren ƙarshe ake rabuwa da daɗi ba, kuma wani lokacin masoya ke da gaskiya. Wasan Beetlejuice ya fara da rauni a 2019, cinikinsa ya faɗi ƙasa da sharaɗin haya. Daga baya matasa suka ɗauke shi a TikTok, gidan Winter Garden ya riƙa cika har ya kafa tarihin ciniki a can. Duk da haka mai gida ya yi amfani da waccan tsohuwar faɗuwar ya ba shi notis, domin a ba wani wasa mai babban tauraron fim wuri. Doka tana tare da mai gida, amma ba wanda zai musanta cewa an yi wa masoya ba daidai ba. Korona ta rufe shi tun kafin wa'adin, ya dawo a wani gidan a 2022, ya sake rufewa a Janairun 2023.

A Landan kuma, a watan Mayu na 2022, wasu 'yan wasan Cinderella na Lloyd Webber a shafukan sada zumunta suka fara jin cewa za a rufe wasansu, har da waɗanda aka ɗauka aiki ba su ma fara fitowa ba. Daren ƙarshe, 12 ga Yuni, shi bai halarta ba, aka karanta wasiƙarsa, wadda a ciki ya ambaci kuskure mai tsada, 'yan kallo suka yi ihun rashin yarda. Daga baya ya ce ba a fahimce shi ba ne. Fushin daren ba na rufewar ba ne kawai, na yadda aka yi wa ma'aikata ne.

Ƙorafi na uku ya fi zurfi, wato zargin cewa ana rufe tsohon shiri mai tsada ne don a dawo da shi a ƙanƙance da suna iri ɗaya. Zargin ba daga sama ya faɗo ba. A 2019 aka rufe asalin shirin Les Misérables a Landan, aka dawo da sabo babu dandamalin nan mai juyawa da aka san wasan da shi tun 1985. Da Phantom ya sake buɗewa a Landan a 2021, an rage makaɗansa daga 27 zuwa 14. Masu shiryawa na cewa ko dai a rage kuɗi ko wasan ya mutu gaba ɗaya, kuma na'urorin sauti na zamani na cike gurbin. Makaɗa da masoya na cewa tikiti bai sauko ba, abin da ake ba mai kallo ne ya ragu. Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma ni na fi karkata ga makaɗan a abu ɗaya: idan an canza shiri, a faɗa wa mai sayen tikiti a fili.

Masu goyon bayan rufewa suna da wata hujja mai ƙarfi da masoya ba sa son ji. Gidan da wasa ɗaya ya zauna a ciki shekara 35 gida ne da sababbin marubuta suka yi shekara 35 ba su samu shiga ba.

Wa abin ke shafa bayan an kashe fitilu?

Mai kallo zai koma gida da kewa, ma'aikaci kuwa zai wayi gari ba shi da aiki. Babban wasa na ciyar da mutum fiye da 100 a kowane mako, kuma a sana'ar da yawancin masu yin ta ke yawo daga gwaji zuwa gwaji, wasa mai dogon zango shi ne kusan kawai hanyar samun albashi tsayayye da inshorar lafiya da fansho. A cikin makaɗan Phantom akwai waɗanda ke ramin tun 1988. Da wannan aiki ɗaya suka yi aure, suka tarbiyyantar da 'ya'ya. Su dai sun sami sanarwar wata bakwai. Ƙaramin wasan da ciniki ya juya wa baya kan sami mako ɗaya ko biyu. Wasan KPOP, wanda ya ja matasa 'yan asalin Asiya zuwa Broadway, an rufe shi a Disambar 2022 bayan wasa 17 kacal da buɗewarsa a hukumance, masoyansa ba su ma gama haɗuwa da juna ba.

Ga talakan mai kallo, makonnin ƙarshe su ne mafi tsada, domin farashin tikiti na hawa da sauka ne gwargwadon buƙata. Sau da yawa wanda ya riƙe wasan shekara da shekaru da tikitin rangwame shi ne zai kasa shiga a daren da ya fi so ya kasance a ciki. Amma rufewa a Broadway na buɗe wata ƙofa: wasa kan fita zagayen garuruwa, daga baya a ba makarantu da ƙananan ƙungiyoyi lasisin yin sa, ya kai ga mutanen da ba za su taɓa taka Niyok ba. Wani ma ƙaura yake yi. A daren rufe Avenue Q a 2009 aka sanar daga kan dandamali cewa zai koma wani ƙaramin gida a birnin, inda ya ƙara kusan shekara 10.

Sai batun da masoya suka fi nacewa a kai, wato a riƙa ɗaukar wasannin a bidiyo kafin a rufe. Ɗakin karatu na jama'a na birnin Niyok yana ɗaukar wasannin Broadway tun 1970, amma sai mutum ya je Lincoln Center da ƙafarsa zai kalla, kuma don nazari aka tanada. Fitar da bidiyo kasuwa na buƙatar kuɗi mai yawa da yarjejeniya da ƙungiyoyin ma'aikata da masu haƙƙin mallaka, masu shiryawa kuma na tsoron kada ya kashe cinikin tikiti. Wannan giɓin ne masu ɗauka a ɓoye da waya ke cikewa, abin da doka ta hana kuma 'yan wasa ke ƙi. An ɗauki Rent a kwanakinsa na ƙarshe aka fitar, an ɗauki Hamilton a 2016 aka sake shi a manhajar kallon fina-finai ta Disney+ a 2020, kuma har yau Hamilton na cika gidansa. Wannan ya raunana hujjar tsoron, ko da yake wasa ɗaya mai farin jini irin wannan ba ya zama ma'auni ga kowa.

Gidan Majestic kuwa, bayan an kwashe fitilar da kyandirorin, an rufe shi aka yi masa gyara na fiye da shekara guda. A ƙarshen 2024 aka sake buɗe ƙofarsa da wani wasan, karo na farko tun 1988 da aka ga wani suna daban a allon gabansa.